Karatun Likita a Khartum da Omdurman: Lissafin da Yaƙi da Faɗuwar Naira Suka Sauya

Tun da sojojin Sudan suka ƙwace fadar shugaban ƙasa a Khartum ranar 21 ga Maris 2025, kuma suka shelanta a watan Mayu na shekarar cewa sun kori dakarun RSF daga ɗaukacin jihar Khartum, tsohuwar magana ta sake tasowa a zaurukanmu da ƙofofin masallatanmu: a mayar da yara Sudan karatun likita ko a dakata? Iyayen da 'ya'yansu suka baro karatu a tsakiya suna son a ƙarasa. Waɗanda 'ya'yansu suka gama sakandare suka rasa gurbin likitanci a gida su ma idonsu na can. Kafin a kai ga batun tsaro, akwai wani lissafi da ba kasafai ake yinsa a fili ba, wato nawa karatun zai ci, daga aljihun wa kuɗin za su fito, kuma shekara nawa za a ɗauka kafin su dawo.

Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Ita ce hanyar alhazai tun ana tafiya a ƙasa, kuma a gaɓar Shuɗin Nilu akwai garin Mai Wurno, wanda mabiya Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Marigayi Sheikh Abubakar Gumi ya yi karatu a Bakhtar Ruda a shekarun 1950, Sarki Muhammadu Sanusi na II kuma ya karanci shari'a a Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartum. Saboda haka uba da ba zai taɓa yarda 'yarsa ta tafi Yukren ko Rasha ba, sai ka ga ya saki jiki da Omdurman, inda ake jin kiran salla, abinci halal ne, kuma akwai jami'ar Ahfad ta mata zalla, wadda asalinta makarantar 'yan mata ce da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907. Ga kuma tarihin likitanci mai tsawo: tsangayar likitanci ta Jami'ar Khartum ta samo asali ne daga makarantar da aka buɗe a 1924.

Amma abin da ya fi tura ɗalibanmu can shi ne ƙarancin gurbi a gida. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likitanci a Najeriya, ita ke yanke wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma masu nema sun ninka guraben sau da yawa. Ga yajin aikin ASUU, wanda ya ci kusan wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022. A Sudan kuwa, tun daga 1990 gwamnatin Umar al-Bashir ta buɗe ƙofar kafa jami'o'i, har makarantun likitanci suka tashi daga 'yan ƙalilan zuwa sama da 60, da yawansu masu zaman kansu ne da ke maraba da baƙon ɗalibi mai biya da dala. Gwamnatocin jihohi irin su Kano da Jigawa da Sakkwato da Yobe suka riƙa tura ɗalibai, musamman mata, iyaye masu hali da masu ƙarfin hali su ma suka bi sahu.

Ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Janar Abdulfatah al-Burhan da dakarun Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti. Gwamnatin Najeriya ta ce ta kashe dala miliyan 1.2 wajen hayar motocin da suka kwashe 'yan ƙasarta, aka yi kwanaki ana zaman jira a iyakar Masar, jirage na farko suka sauka Abuja ranar 3 ga Mayu da mutum 376. An dawo da sama da mutum 2,500 gaba ɗaya, mafi yawansu ɗalibai. Rai ya tsira, alhamdu lillahi. Abin da ya rage a can shi ne takardun sakamako, da kuɗin zangon da aka riga aka biya, da shekarun da aka zuba.

Wata biyu bayan haka, a Yunin 2023, gwamnatin Tinubu ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake samu a banki kan naira 460 da 'yan kai domin biyan kuɗin makaranta ta haura 750, kafin watan Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Wannan shi ne duka na biyu, kuma a ganina ya fi yaƙin yin ɓarna ga lissafin iyaye, domin yaƙi ya taɓa Sudan ne kawai, faɗuwar naira kuwa ta taɓa duk inda za a mayar da yaron, ko Masar ce, ko Indiya, ko Saifurus, ko Yuganda.

Bari mu yi lissafin da misali, kowa ya saka alƙalumansa a gurbin nawa. Mu ɗauka kuɗin makaranta da masauki da abinci da tikitin jirgi sun tashi dala 5,000 a shekara. Shekara shida, dala 30,000 ke nan. A tsohon farashin banki wannan naira miliyan 13.8 ne. A kan 1,500 kuwa naira miliyan 45 ne. Yanzu mu ɗauka yaron ya dawo, ya ci jarrabawa, ya samu aiki a asibitin gwamnati yana karɓar naira 300,000 a wata, kuma yana iya ware kashi ɗaya cikin uku, wato 100,000, domin mayar da abin da aka kashe masa. A shekara ya mayar da miliyan 1.2. Kafin ya cike miliyan 45 sai ya yi shekara 37 da rabi. Albashinsa zai ƙaru, gaskiya ne, zai kuma riƙa aikin yamma a asibitin kuɗi. To a raba shekarun biyu ma, ana maganar kusan shekara ashirin, a daidai lokacin da zai yi aure, ya kama haya, ƙanne kuma suna jiran "Dakta" ya ɗauki nauyinsu.

A Amurka ana yin wannan lissafi a fili, domin can bashin yana da takarda. Ɗalibin likitanci da ya ci bashi yakan fita da kimanin dala 200,000 a wuyansa, ya san kuɗin ruwan da ke hawa kai, ya san albashin kowane fanni, sai ya zauna ya auna ko ya yi tiyata, ko likitancin yara, ko ma ya haƙura ya yi aikin jinya. Mu namu bashin ba shi da takarda, shi ya sa muke ganin kamar babu shi. Gona ce aka sayar, ko fili a bayan gari, ko shanu, ko jarin kantin Alhaji da aka riƙa gutsura har ya ƙare. Wani lokaci kuɗin gadon marayu ne da aka ce a ranta "in ya zama likita zai biya". Wani lokaci Hajiya ce ta sayar da gwal ɗinta. Ba wanda ya rubuta, ba wanda ya shaida, sai bayan shekara goma rigima ta tashi tsakanin 'yan uba, wannan yana cewa kyauta ce, wancan yana cewa rance ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, kuma ba ta ware bashin da ke tsakanin 'yan uwa ba. Kuma akwai abin lura: bashin naira hauhawar farashi yana rage masa nauyi da kansa, amma filin da aka sayar a 2018 ba zai sayu da kuɗin 2018 ba. Wanda ya sayar da ƙasa ya yi karatu, da farashin ƙasa na yau ya kamata ya auna abin da ya kashe.

Wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa ma bai tsira daga bashi ba, sai dai bashin ya sauya kama. Da farko akwai yarjejeniyar yi wa jiha aiki na wasu shekaru, wadda amana ce, kuma wanda ya sa hannu ya gudu ya ci haƙƙin talakawan da aka biya masa da kuɗinsu. Na biyu kuma, wanda ya fi ciwo, shi ne idan gwamnatin ce ta ƙi biya. A Kano an ga yadda ɗaliban da aka tura jami'ar Near East da ke Arewacin Saifurus suka gama karatu amma jami'ar ta riƙe takardunsu shekara da shekaru saboda bashin da take bin jihar, har sai a 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta biya sama da naira biliyan 2 kafin aka sake su. Cikinsu akwai likitoci. Mutum ya gama karatun likita, yana zaune a gida ba lasisi, saboda gwamnatin da ta tura shi ta sauka, wadda ta gaje ta kuma ba ta ɗauki abin da muhimmanci ba. Karatun likita shekara shida ne, wa'adin gwamna shekara huɗu. Duk wanda zai karɓi tallafin jiha ya riƙe wannan a ransa. Jigawa ta yi abin a yaba da ta mayar da ɗalibanta na Sudan zuwa Saifurus da Indiya, amma hakan na nufin an sake biyan wasu kuɗin da dala mai tsada, kuma ɗan da ubansa ne ke biya masa bai samu wannan gata ba. Da yawa sun nemi gurbi a jami'o'in gida, inda adadin MDCN ya riga ya cika, wasu aka mayar da su baya da aji ɗaya ko biyu, wasu suka sauya fanni.

Sai kuma ƙofa ta ƙarshe, wadda iyaye da dama ba su san da ita ba sai an iso gabanta. Duk wanda ya karanci likitanci a waje, sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin a ba shi lasisin wucin gadi. A zaman da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a Nuwamban 2023, mutum 836 suka zauna, 433 suka faɗi. Fiye da rabi ke nan. Wanda ya faɗi zai jira zama na gaba, ya sake biya, wata shida ko shekara ta tafi. Kuma hukumar ta riga ta nuna matsayinta tun 2022 a kan ɗaliban Yukren, cewa ba ta amince da koyon likitanci ta intanet ba. Wannan ya shafi Sudan kai tsaye, domin bayan ɓarkewar yaƙi jami'o'in Khartum da dama ta intanet suka ci gaba da darasi, wasu suka buɗe cibiyoyi a Fot Sudan ko Alƙahira. Jami'ar UMST ta Mamun Humaida ta kwashi ɗalibanta na ajin asibiti zuwa Tanzaniya da Ruwanda domin su ga majinyata da idonsu. Wadda ba ta da wannan ƙarfi, ɗalibinta zai iya fitowa da takarda mai hatimi amma ya zo Kano a tambaye shi awon ciki ko sauraren ƙirji ya rasa ta cewa.

To ina sauran hanyoyin? A nan ne nake ganin muna da makanta. Kalmar "likita" ta cika mana ido har mun manta asibiti ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba. Likitanci shekara shida ne, sai shekara guda ta sanin makamar aiki, sai hidimar ƙasa, sannan mai son zama ƙwararre ya ƙara shekara biyar ko shida yana horo. Aikin jinya a kwalejin jiha shekara uku ne a tsohon tsari, huɗu a tsarin difloma da babbar difloma, biyar a jami'a. Ungozoma shekara uku, ungozomar karkara biyu. Harhaɗa magunguna biyar ko shida. Gwaje-gwajen jini, da ɗaukar hoton ƙashi, da gashin ƙashi, kowanne kimanin biyar. Jami'in lafiyar al'umma shekara uku a kwalejin lafiya. Duk waɗannan ana yinsu a Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato, da naira, yaro yana kusa da gida.

Mu koma ga misalinmu. 'Yan mata biyu sun gama sakandare tare. Ɗaya ta tafi waje likitanci, shekara shida da ta jiran jarrabawa, bakwai. Ɗaya ta shiga kwalejin jinya ta jiha, mu ce an kashe mata naira miliyan 2 a shekara uku, ta fara aiki da 120,000 a wata. Kafin ƙawarta ta karɓi albashin farko, ita ta yi shekara huɗu tana karɓa, jimilla naira miliyan 5.76, ta ninka abin da aka kashe mata kusan sau uku. Kuma miliyan 45 ɗin da aka kashe wa ta farkon ya isa ya horar da 'yan mata 22 irin ta biyun. Ga gwamnatin jiha da ƙungiyoyin da ke tara zakka da waƙafi domin tallafin karatu, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, a ƙasar da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suka nuna ita kaɗai ke ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya.

Ban ce a bar likitanci ba. Ungozoma 22 ba za su yi wa mace ɗaya tiyatar haihuwa ba, dole sai likita. Malamai sun daɗe suna sanya ilimin likitanci cikin farillan da idan babu mai yinsu a gari kowa ya yi laifi, kuma buƙatar likita mace a Arewa ita ce ta sa aka fara tura 'yan mata Ahfad tun farko. A tsawon rayuwar aiki ma likita ne ke kan gaba a samu, idan ya kai matakin ƙwararre. Abin da nake cewa shi ne ribar likitanci ta dogara ne kan inda aka yi shi da kuma kuɗin da aka biya da shi. A jami'ar gwamnati a gida, ko bayan ƙarin kuɗin da aka yi a 2023, abin da ɗalibi ke biya a shekara 'yan dubban ɗaruruwa ne, gwamnati ke ɗauke da sauran. Farfesa Muhammad Ali Pate, ministan lafiya, ya ce horar da likita guda yana cin sama da dala 21,000. Wanda ya samu gurbi a Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Ɗanfodiyo, mafi yawan wannan kuɗi kyauta ya same shi. Saboda haka yaron da ya rasa gurbi bana, ya zauna shekara guda ya sake JAMB da shiri mai kyau, sau da yawa ya fi riba a kan a sayar da gona a tura shi waje a guje. Shekara ɗaya ta jira ba ta kai miliyan 45 tsada ba.

Akwai kuma asusun NELFUND, wanda aka kafa da dokar da aka sabunta a Afrilun 2024. Rance ne marar kuɗin ruwa, abin da ya sauƙaƙa wa Musulmi karɓarsa, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Sai dai makarantun gwamnati na cikin gida kawai ya shafa. Mai karatu a Omdurman ba shi da rabo a ciki. Wannan ma wani nauyi ne da ya ƙaru a ɓangaren gida na ma'aunin. Wanda kuwa zai je bankin kasuwa ya ci bashi mai ruwa domin karatun shekara shida, ya haɗa wa kansa matsala biyu, ta addini da ta lissafi.

Za a ce, ai ba don albashin Najeriya ake yi ba, yaron zai fita Saudiyya ko Birtaniya ya mayar da kuɗin cikin shekara biyu. Wannan ita ce gaskiyar da ke ɓoye a ƙarƙashin lissafin iyaye da yawa, kuma gara a faɗe ta. Kuɗin da aka kashe da dala, da riyal ko fam kaɗai yake dawowa da wuri. Minista Pate ya ce kimanin likitoci 16,000 ne suka bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan, kuma waɗanda suka rage ba su wuce 55,000 ba. Sudan kanta darasi ce a nan. Ta yaye likitoci da yawa fiye da abin da asibitocinta za su iya biya, sai suka cika asibitocin Saudiyya da Ailan da Birtaniya tun kafin yaƙi. Waɗanda suka tsaya, irin na asibitin Al-Nau a Omdurman da ya ci gaba da aiki ana ruwan harsashi, sun yi watanni ba albashi, fam ɗin Sudan kuma ya faɗi daga kimanin 600 a dala zuwa sama da 2,500. Ƙofar fita ma ba a buɗe take yadda ake zato ba. Najeriya na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a jerin waɗanda bai kamata a riƙa zawarcin ma'aikatan lafiyarsu ba, Birtaniya na ta tsaurara sharuɗɗan biza, a gida kuma an taɓa gabatar da ƙudiri a majalisar wakilai a 2023 na hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki, hukumar ma'aikatan jinya ma ta fito da sharaɗin shekara biyu a 2024 har aka yi zanga-zanga. Kuma idan dukan shirin shi ne yaro ya tafi Riyad, to hujjar "muna son likita mace ga matanmu" ta faɗi, ya zama kasuwanci, sai a auna shi da ma'aunin kasuwanci.

Ga wanda ɗansa ya kai aji biyar ko shida a Khartum kafin yaƙi, lissafinsa daban ne. Abin da aka kashe ya riga ya tafi, tambayar ita ce nawa ya rage, kuma sau da yawa ƙarasawa ta fi, muddin a asibiti na gaskiya za a yi sauran horon. Ga mai shirin farawa kuwa, a duba halin da birnin yake ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na cibiyoyin lafiya a yankunan da yaƙi ya shafa sun daina aiki. An wawashe jami'o'i, malamai da yawa sun watse zuwa Masar da ƙasashen Larabawa, kuma a Mayun 2025 kwalara ta ɓarke a Khartum da Omdurman bayan hare-haren jirage marasa matuƙa sun lalata tashoshin lantarki, ruwan famfo ya ɗauke. Yaƙin kansa bai ƙare ba, ya koma Darfur da Kordofan ne. Dillalan gurbin karatu za su zo da hotunan gini da aka yi wa sabon fenti da rangwamen kuɗin makaranta. Abin tambayarsu shi ne a wane asibiti ɗalibi zai yi shekaru ukunsa na ƙarshe, gado nawa ke aiki a cikinsa yau, ɗalibai nawa daga wannan jami'a suka ci jarrabawar MDCN a zama na baya, kuma idan aka sake rufe makaranta a ina za a karɓi takardar sakamako. Kafin a biya ko dala ɗaya, a rubuta wa MDCN a Abuja a tambayi matsayin jami'ar da tsarin karatunta na yanzu, a riƙe amsar a rubuce.